Awon Sinadaran Ƙurar Iska a Ƙasar Hunturu: Kwatanta Hanyoyin XRF, PIXE, INAA da ICP-MS

Tsakure

Maƙalar nan ta kwatanta hanyoyi huɗu da ɗakunan bincike ke bi don gano sinadaran da ke cikin ƙurar da mutane ke shaƙa, wato XRF da PIXE da INAA da ICP-MS. Ta dubi yadda kowace ke aiki, da sinadaran da take gani sosai, da waɗanda ke ɓace mata. Hujjar maƙalar ita ce, an tsara ƙa'idojin waɗannan hanyoyi ne a kan iskar Turai da Amurka, inda ƙurar kan yi laushi kuma ba ta da yawa, alhali tamu ƙurar ƙasa ce mai kauri, cike da silika. A irin wannan ƙura, hanyoyi biyu da aka fi amfani da su, wato XRF da ICP-MS, suna iya rage adadin alminiyam a lokaci guda, su yi daidai da juna, kuma dukansu a kan kuskure. Maƙalar ta kawo tsarin aikin da ya dace da kayan da muke da su a Zariya da Ile-Ife da Akara.

1.0 Gabatarwa

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2021, bai kamata matsakaicin ƙura mai laushi da ake kira PM2.5 ya wuce maikurogiram 5 a kowace kubik mita ta iska a shekara ba, ko 15 a yini guda. Na PM10 kuwa, wato ƙurar da ta haɗa har da mai ɗan kauri, 15 ne a shekara, 45 a yini. Waɗannan alƙaluma nauyi kawai suke faɗa. Ba sa gaya wa likita ko hukuma abin da ke cikin ƙurar, kuma a nan ne batun rai da mutuwa yake.

Mun ga haka a Zamfara. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, har adadin ya kai aƙalla 400. Dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, sau da yawa da injin niƙan hatsi, dutsen kuma cike yake da dalma. Da a ce sikeli kaɗai aka ɗora wa ƙurar waɗannan gidaje, da ba a ga komai ba sai ƙura. Sai da aka auna sinadaranta aka san abin da ke kashe yaran. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Bayan lafiya, sinadaran su ne ke nuna asalin ƙura. Silikon da alminiyam da ƙarfe da titaniyam da kalsiyam na ƙasa ne. Banadiyam da nikel, idan suka zo tare, suna nuni ga ƙonen baƙin mai. Fotasiyam a cikin ƙura mai laushi alamar hayaƙin itace ne da ƙonen daji. Jan ƙarfe da antimoni da bariyam daga birkin mota suke fitowa, tutiya kuma daga cin taya da baƙin man inji. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma tun farkon 2006, don haka dalmar da aka gani a iskar gari a yau sai a nemi tushenta wajen masu narka tsohon batir, ko ƙona bola, ko niƙan ma'adinai, ko tsohuwar ƙasar bakin titi da iska ke tayarwa. Duk hukuncin da za a yanke a kan waɗannan ya dogara ne ga ingancin awo.

2.0 Faifan tacewa

Kafin a yi maganar na'ura sai an yi maganar faifai, domin mafi yawan saɓanin da ake ɗora wa na'urori tun a nan yake farawa. Famfo ne ke jan iska ta cikin wani siririn faifai, ƙurar ta maƙale a kansa. Ƙaramin famfon da aka saba da shi yana jan lita 16.7 a minti, wato kubik mita 24 a yini, ta faifai mai faɗin milimita 47, wanda wurin da ƙura ke kwantawa a kansa bai wuce murabba'in santimita 12 ba.

Mu yi lissafi da waɗannan. Tarayyar Turai ta sa wa asinik iyakar nanogiram 6 a kubik mita, kadmiyam 5, nikel 20. Idan iska na ɗauke da asinik daidai wannan iyaka, abin da zai taru a faifai a yini nanogiram 144 ne kacal, wato 12 a kowane murabba'in santimita. Abin da ake neman na'ura ta gani ke nan. Yatsa ɗaya mara safar hannu, ko almakashin ƙarfe da aka yanka faifan da shi, ya isa ya zuba nikel ko kuromiyam fiye da abin da iskar ta kawo.

Nau'in faifan ma zaɓi ne da ba a komawa baya a kansa. Na tefulon ya fi tsabta, shi ya sa ya dace da awon ƙarafa. Na kwaz ana buƙatarsa wajen awon kabon, domin yana jure zafin ƙonawa, amma shi kansa silika ne, don haka ba a auna silikon a kansa, kuma ƙurar na nutsewa cikin zarensa. Na folikabonet sirirtaccen gaske ne, ƙura na zama a samansa, shi ne ke cikin na'urar Gent mai hawa biyu wadda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta yaɗa a ƙasashe masu tasowa. Mai binciken da ya tara faya-fayan kwaz na wata shida, sannan ya zo yana neman adadin silikon na ƙurar hunturu, ya riga ya rufe wa kansa ƙofa. A kowane zagaye kuma dole a sami faifan shaida, wanda ya yi tafiyar da sauran suka yi, aka buɗe shi a wurin, amma ba a ja iska ta cikinsa ba.

3.0 XRF

Tushen wannan hanya aikin Henry Moseley ne na 1913, wanda ya nuna kowane sinadari yana da hasken eksire nasa na kansa. Ana haska faifai da eksire, ƙwayoyin zarran da ke cikin ƙurar su mayar da nasu hasken, na'ura ta karanta ƙarfinsa da yawansa. Ƙarfin, wanda ake aunawa da keV, shi ke faɗin wane sinadari ne: alminiyam 1.49, silikon 1.74, kalsiyam 3.69, ƙarfe 6.40. Yawan hasken kuma shi ke faɗin adadi.

Falalarta a bayyane take. Ba a narka komai, ba a taɓa asid, faifan yana fitowa yadda ya shiga, a adana shi ko a miƙa shi ga wata hanyar. Tana auna sinadarai da dama a zama ɗaya, daga sodiyam har zuwa dalma, ciki har da silikon da farar wuta da kulorin, waɗanda ke wahalar da ICP-MS. Tsarin IMPROVE na Amurka, wanda ke tara samfuri a gandun dajin ƙasar tun 1988, da PIXE ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Dabis, daga baya ya koma XRF gaba ɗaya. Yanzu har akwai na'urori irin su Xact 625 da ke jan iska su auna ta nan take duk sa'a, abin da ke ba da damar ganin bambancin cunkoson safe da hayaƙin girkin yamma.

Rauninta na farko shi ne ƙarancin gani. Ga asinik da kadmiyam da seleniyam da antimoni, abin da ke kan faifan yini guda yakan tsaya a bakin iyakar ganin na'urar ko ƙasa da ita. Na biyu, hasken wasu sinadarai kan hau kan juna. Babban layin asinik yana 10.54, na dalma yana 10.55, na'ura ba ta iya raba su. Sai an koma wani layin dalma da ke 12.6 a ƙiyasta rabonta, a cire, abin da ya rage a ce na asinik ne. A wurin da dalma ta yi yawa, kamar kusa da masu narka batir, ɗan kuskure a lissafin dalma ya isa ya haifi asinik da babu shi, ko ya haɗiye wanda ke nan. Haka farar wuta a 2.31 take cin karo da wani layin dalma a 2.35, dutsen tozali kuwa haɗin dalma ne da farar wuta. Bariyam ma yana hawa kan titaniyam.

Rauni na uku shi ne ya fi damuna, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa a rubuce-rubucenmu. Lissafin XRF na faifai an gina shi ne a kan cewa ƙurar shimfiɗa ce siririya, wadda hasken kowace ƙwayar zarra ke fitowa daga cikinta ba tare da tangarɗa ba. Hasken ƙarfe yana da ƙarfin da zai ratsa. Na alminiyam da silikon kuwa mai rauni ne, maikuromita kaɗan na ƙasa sun isa su sha wani kaso nasa. Ƙwayar ƙura mai kauri takan shanye hasken da ke tasowa daga cikinta, idan kuma ƙwayoyin suka hau kan juna, na sama su tare na ƙasa.

A iskar da ke daidai iyakar yini ta Hukumar Lafiya, wato maikurogiram 15, faifan zai ɗauki maikurogiram 360, kimanin 30 a murabba'in santimita. Mu ɗauka a wata ranar hazo ƙurar ta kai 500. Faifan zai ɗauki miligiram 12, wato maikurogiram 1,000 a murabba'in santimita, ninki fiye da 30 ke nan. Samfurin gwaji da aka fi dogara da shi wajen tabbatar da saitin na'ura, SRM 2783 na cibiyar ma'aunai ta Amurka, ƙurar birnin Biyana ce ta ƙasar Ostiriya, kimanin rabin miligiram a kan faifai. Na'urar da ta ci jarrabawa a kan wannan samfuri ba ta nuna mana komai ba game da halinta a kan faifan Janairu na Kano ko Maiduguri ko Damagaram. Kuma kuskuren gefe ɗaya yake karkata kullum: ragi ne a kan sinadarai marasa nauyi.

Sai kuma a yi hattara da ƙaramar XRF ta hannu. Ta yi aiki mai girma a Zamfara, inda aka bi gida-gida ana auna ƙasa, domin dalmar wurin ta kai dubban kaso cikin miliyan, a wasu wuraren ta haura 100,000. Don irin wannan aka ƙera ta. Ɗora ta a kan faifan iska ana neman nanogiram 12 ɗora mata nauyin da ba nata ba ne.

4.0 Hanyoyin nukiliya: PIXE da INAA

PIXE 'yar uwar XRF ce, a Jami'ar Lund ta Suwidin Sven Johansson da abokan aikinsa suka fito da ita a 1970. Maimakon eksire, furoton ake harba wa faifan da ƙarfin MeV 2 zuwa 3. Tana da sauri, mintoci kaɗan sun isa, kuma tana wadatuwa da ɗan ƙanƙanin samfuri, shi ya sa ta dace da awon sa'a-sa'a. Ta fi ƙarfi a kan sinadarai marasa nauyi da matsakaita. Amma da yake hasken eksire ɗin nan dai take karantawa, ta gaji matsalar shanyewar haske da ta hawan layi. Kulorin da buromin kuma kan iya tashi saboda zafi da rashin iska a ɗakin awo. Akwai injin harba furoton mai ƙarfin MV 1.7 a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

INAA daban take tun daga tushe. George de Hevesy da Hilde Levi ne suka gano asalinta a Kofanhegan a 1936. Ana saka faifan a tukunyar nukiliya, niyutiron su shige cibiyar ƙwayoyin zarra, cibiyar ta koma mai fitar da hasken gama, a ƙirga. Niyutiron da hasken gama duka suna ratsa ƙura ba tare da wahala ba, saboda haka kaurin ƙwaya ko tarin ƙura bai dame su ba, kuma babu narkawa balle wani abu ya ƙi narkewa. Wannan ne ya sa take zama alƙali idan sauran hanyoyi suka saɓa.

Aikinta na haƙuri ne, domin kowane sinadari da lokacinsa. Hasken alminiyam yana raguwa da rabi cikin minti 2.24, na banadiyam cikin minti 3.7, don haka da fitowar samfuri ake ƙirga su. Manganis sa'a 2.6 ne, sodiyam sa'a 15, asinik sa'a 26. Ƙarfe kwana 44.5, sikandiyam kusan kwana 84, su sai an bar samfurin ya huce na makonni. Cikakken sakamako kan ɗauki wata guda ko fiye. Tana gani sosai a kan asinik da antimoni da banadiyam da sikandiyam, waɗanda XRF ke fama da su. Sai dai makauniya ce a kan dalma, kuma ba ta da amfani a kan silikon da farar wuta. Wanda ke binciken gubar dalma ba shi da abin nema a wurinta.

Akwai wani tarko da ya shafe mu kai tsaye. Niyutiron masu gudu idan suka bugi silikon sukan mayar da shi irin alminiyam ɗin nan da ake ƙirgawa. A ƙura mai yawan silika, idan ba a yi gyaran wannan ba, INAA za ta ƙara adadin alminiyam, akasin abin da XRF ke yi.

Abin farin ciki shi ne muna da wannan hanya a gida. Tukunyar NIRR-1 mai ƙarfin kimanin kilowat 30 tana aiki a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun 2004, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mara ƙarfi sosai. Irinta ce GHARR-1 a Kwabenya kusa da Akara, wadda aka yi wa irin wannan sauyi a 2017. An ƙera irin waɗannan tukwane ne musamman don wannan awo.

5.0 ICP-MS

A nan sai an narkar da ƙurar ta zama ruwa. Ana fesa ruwan cikin harshen filasma na iskar agon mai zafin da ya haura digiri 6,000, sinadaran su rabu zuwa ƙwayoyi masu caji, na'ura ta tantance su bisa nauyi. Robert Houk da abokan aikinsa ne suka bayyana hanyar a 1980, ta shiga kasuwa a 1983. Babu wadda ta kai ta gani a kan dalma da kadmiyam da asinik da nikel. Ita ce, tare da tsohuwar hanyar tanderun girafait, ƙa'idar EN 14902 ta Turai ta amince da su don auna waɗannan huɗun a cikin PM10. Ita kaɗai ce kuma a cikin hanyoyin nan ke iya bambance nau'o'in dalma masu nauyin 206 da 207 da 208, wanda da shi ake rarrabe dalmar ma'adinin wuri da ta batir ko tsohon fetur.

Tana da nata ruɗanin. Agon idan ya haɗu da kulorin nauyinsu 75 ne, daidai da asinik. Idan ya haɗu da oksijin nauyinsu 56, daidai da ƙarfe. Na'urorin zamani suna da ɗakin hiliyam da ke rage wannan, amma dole mai rahoto ya faɗa ko an yi amfani da shi, musamman ga samfurin bakin teku kamar Legas ko Tema, inda gishiri ke cikin iska.

Babbar matsalar ba a cikin na'urar take ba, a kwalbar narkawa take. ICP-MS abin da ya narke kaɗai take gani. Ƙa'idar Turai ta ce a narka da asid naitirik da haidirojin ferokzaid a tanderun maikurowef, kuma hakan ya wadatar ga ƙarafa huɗun da aka tsara ta dominsu. Amma wannan haɗi ba ya fasa silika. Yashi da yumɓu sukan kwanta a gindin kwalba, riƙe da wani kaso na alminiyam da titaniyam da kuromiyam da ƙarfe. Asid haidirofulorik ne ke fasa su, shi kuwa guba ne mai ratsa fata ya ci ƙashi, yana cin gilashi, kuma ba kowane ɗakin bincike ne ke da kayan kariyarsa ba. Idan an yi amfani da shi aka busar da ruwan, silikon ɗin kansa ya tashi ya bi iska. Ke nan sinadarin da ya fi kowane yawa a ƙurarmu, bayan oksijin, wannan hanya ba ta ba da shi yadda za a dogara.

Ga kuma tsada. Na'urar na shan agon lita 15 zuwa 20 a minti, tukunyar gas guda ba ta wuce aikin yini. Tana son wutar da ba ta yankewa, da sanyi, da ruwa da asid masu matuƙar tsabta. Faifan da aka narkar kuma ya tafi ke nan, babu damar sake dubawa.

6.0 Inda hanyoyi biyu ke haɗuwa a kan kuskure ɗaya

Mafi yawan ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, kuma babban tushenta kwarin Bodele ne a arewacin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta share busasshen gindin tsohon tafkin Cadi. Farar ƙasar wurin ɓawon ƙananan halittun ruwa ce, kusan duk silika. Daga Nuwamba zuwa Maris wannan ƙura ce ke cika faya-fayanmu, ƙarafan masana'antu da na motoci kuma suna ɓoye a cikinta ɗan kaɗan.

Don raba na ƙasa da na ɗan Adam, masu bincike kan yi wani lissafi: a raba adadin sinadari da na alminiyam a cikin ƙurar, sannan a raba sakamakon da irin wannan rabo na ɓawon duniya. Idan amsar ta haura 10 akan ce sinadarin daga ayyukan mutane yake. Alminiyam ne a ƙasan lissafin. Mu ɗauka amsar gaskiya ga nikel 6 ce, wato na ƙasa ne. Idan rabin alminiyam ɗin ya ƙi narkewa, amsar ta koma 12, sai a rubuta cewa akwai gurɓatar nikel, a fara neman masana'antar da za a zarga.

Mai bincike mai kula zai ce bari ya tabbatar da XRF. To amma a kan faifai mai kauri ita ma XRF rage alminiyam take yi, ta wata hanyar daban. Sakamakon biyu za su matso kusa da juna, a ɗauka an sami tabbaci. Mudu biyu ne da suka lotsa a gindi: sun yi daidai da juna, amma mai sayen hatsi ya tafi gida da ragi. A ganina wannan ne haɗari mafi girma a binciken ƙura a yankinmu, domin ba ya nuna kansa.

Illar ba ta tsaya nan ba. Lissafin da IMPROVE ke ƙiyasta nauyin ƙurar ƙasa da shi yana ninka alminiyam da 2.2, silikon da 2.49, kalsiyam da 1.63, ƙarfe da 2.42, titaniyam da 1.94. Ragi a kan biyun farko yana rage rabon Sahara a cikin jimillar nauyi, ragowar da ba a gane ba kuma a jingina ta ga wani tushen. Tsarin PMF na Pentti Paatero da Unto Tapper na 1994, wanda aka fi rarrabe tushen ƙura da shi, yana auna kowane adadi ne da tazarar kuskuren da aka ba shi. Idan aka ba shi adadin da ya karkace tare da ƙaramar tazara, zai gaskata shi.

Yadda ake kwatanta hanyoyin ma yana buƙatar gyara. Sau da yawa akan kawo ma'aunin dangantaka na 0.9 da wani abu a ce hanyoyi biyu sun dace. Hanyar da ke ba da rabin adadi kullum za ta ba da cikakkiyar dangantaka da wadda ke ba da adadin daidai. Bland da Altman sun yi wannan gargaɗi tun 1986. Abin dubawa shi ne bambancin da ke tsakanin awo biyun, da yadda yake canzawa idan ƙura ta ƙaru. A wajenmu dole a ware faya-fayan hunturu daga na damina kafin a yi kwatancen, in ba haka ba matsakaicin shekara zai rufe ɓarakar.

7.0 Tsarin da ya dace da mu

Tambayar bincike ce ke zaɓar hanya. Mai neman asalin ƙura da rabon Sahara a cikinta, XRF ko PIXE yake buƙata, domin ba zai yi ba tare da silikon da farar wuta ba. Mai neman sanin ko unguwa ta haura iyakar dalma ko kadmiyam, ICP-MS ce tasa. Wanda ke son biyun sai ya bi jeri: a auna nauyi, a yi XRF a kan dukan faya-fayan tefulon, sannan a zaɓi wani kaso, wanda ya haɗa ranakun hazo da ranakun da gari ya washe, a raba shi tsakanin INAA da narkawa. Hanyar da ke cinye samfuri ita ce ta ƙarshe kullum. Inda hali ya yi, famfo biyu a jere sun fi yanka faifai ɗaya biyu, domin ƙura mai kauri ba ta kwanciya daidai a ko'ina.

A lokacin hunturu a rage tsawon jan iska zuwa sa'a 6 ko 8 maimakon 24, don shimfiɗar ta zauna siririya. A daina dogara ga alminiyam shi kaɗai a lissafin rarrabewa. Sikandiyam na INAA ya fi tsabta, domin kusan ba shi da wani tushe sai ƙasa. Ƙarfe na XRF ma zai yi a wajen gari, amma ba kusa da maƙera da masu walda ba. Kowane rahoto ya faɗi nau'in faifai, da asid ɗin da aka narka da shi, da abin da faifan shaida ya nuna, da kason da aka samu daga samfurin gwaji. Sakamakon naitirik kaɗai a kira shi abin da asid ya fitar, kada a kira shi jimilla.

Akwai tambayoyin da duk hanyoyin huɗu ba sa amsawa yadda aka saba gudanar da su. Ba sa auna kabon, wanda shi ne jigon baƙin hayaƙin da ya addabi Fatakwal tun 2016. Ba sa faɗin siffar da sinadari yake ciki. Kuromiyam ɗin da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ke amfani da shi mai caji 3 ne, mai caji 6 kuwa shi ne ke jawo sankara, amma na'urorin jimillarsu kawai suke bayarwa. A Zamfara ma binciken masana ƙasa na Amurka ya nuna cewa wani kaso na dalmar ya riga ya rikiɗe zuwa kabonet mai saurin narkewa a cikin ciki, abin da ya ƙara mata illa ga yara. Irin wannan sai da ƙarin gwaji na musamman.

Abin da ya fi gaggawa, kuma yake cikin ikonmu, shi ne samfurin gwaji na ƙurar hunturu. A tara ƙurar da ta sauka a wuri mai nisa da titi da masana'anta, a tankaɗe ta, a gauraya sosai, a shimfiɗa ta a kan faya-fayai da nauyi hawa-hawa, daga maikurogiram 30 zuwa 1,000 a murabba'in santimita. Zariya da Akara su auna da INAA tare da gyaran silikon, Ile-Ife ta auna da PIXE, ɗakunan da ke da ICP-MS su narka kashi biyu, ɗaya da haidirofulorik ɗaya babu, kowa kuma ya miƙa sakamakonsa ba tare da ya ga na ɗan uwansa ba. Daga nan ne za a fitar da adadin gyaran da kowace na'urar XRF ke buƙata a kan alminiyam da silikon a kowane matakin nauyi, a kuma san nauyin da idan faifai ya wuce shi ba za a karɓi awonsa ba.